Motar da Baffa Ya Mayar Yadda Take

Ranar da muka binne Baffa, ƙanin mahaifina, na zauna a bakin zaure ina karɓar gaisuwa, ina kuma sauraron abin da mutane ke faɗa in sun ɗauka ba na ji. Na Allah muke, wurinSa za mu koma, wannan kowa ya faɗa. Amma ni malamin makaranta ne, na fi shekara ashirin a gaban aji, kunnena ya saba kama raɗa.

Tsofaffin direbobi sun zo daga Kamba da Tsamiya, wasu har daga Segbana, can ƙetaren iyaka. Da suka gama addu'a sai suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya zuwa bayan gida, inda motar take. Na ga wani mai furfura ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe yana kaɗa kai. "Ya sauke ta," ya ce wa na kusa da shi. "Wallahi ya sauke ta, ta zauna daidai." Manoman fadama, waɗanda Baffa ya daɗe yana gyara wa injin ban-ruwa, sun yi kuka na gaske, ba na ganin ido ba. Sai wasu biyu a ƙarshen tabarma, ba zan ce ko su waye ba. Na ji ɗaya ya ce, "Allah dai Shi gafarta mai zancen buhunan nan." Ɗayan ya ce, "Amin, abin da nauyi." Raina ya ɓaci, na so in tashi in kore su. Ban tashi ba, domin ni ma na taɓa faɗin abin da ya fi wannan muni, kuma a gaban idonsa na faɗa.

Kafin a yi masa sallah, liman ya roƙi duk wanda mamacin ya taɓa ɓata wa rai ya yafe. Maza suka amsa baki ɗaya. A cikin gida kuwa Gwaggo, 'yar'uwarsu ɗaya da ta rage, ta ratsa mata ta je ta tsuguna gaban Inna, mahaifiyata. Matata ce ta ba ni labari daga baya. Gwaggo ta ce, "Ga shi kwance, yanzu za a hita da shi. Don Allah ki buɗa baki ki ce kin yafe." Inna ta ci gaba da jan carbinta, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Haka aka fita da shi.

Kalmar nan Baffa ya yi shekara ashirin da bakwai yana jira. Domin ita ya yi shekara huɗu na ƙarshen rayuwarsa kwance a ƙarƙashin tsohuwar mota, kuma domin ita nake wannan rubutu.

Motar akori-kura ce, fo-o-fo, irin wadda yanzu sai ka yi yini a bakin titi ba ka ga ɗaya ta wuce ba. Baba da Baffa suka haɗu suka saye ta tun ina ƙarami. Baba manomi ne a Geza, bai taɓa riƙe sitiyari ba, amma shi ya zaɓi kalarta, kuma duk Juma'a shi ke wanke ta da hannunsa. Baffa ne direba. Da farko wake da albasa yake kaiwa kasuwannin kusa. Daga baya ya shiga ɗauko shinkafa daga ƙetare kamar sauran abokansa, ya kuma yi wa motar abin da kowane direban iyaka ke yi. Sifirin ɗin bayan irin wannan mota falle-falle ne na ƙarfe, an ɗora wani kan wani. Sai a kai ta wurin maƙeri a ƙara mata falle huɗu ko biyar a kowane gefe, don ta ɗauki kayan da ya ninka ƙarfinta ba tare da gindinta ya zauna ba. In da kaya, lafiya lau take tafiya. In babu kaya, bayanta ya ɗaga sama, ta zama kamar amalanke, ko tsakuwa ta taka sai ka ji a haƙoranka. Shi ya sa direbobi ba sa barin bayanta fanko. Ko babu lodi sai sun jefa buhun yashi ko duwatsu. Kowane yaron mota ya san wannan, balle Baffa.

Ina makarantar horon malamai lokacin da abin ya faru, ban gani da idona ba. Da kaka ne, Baba ya hau rumbu yana gyara jinka, ƙafarsa ta zame ya faɗo da baya a kan dutsen gindin rumbun. Bai mutu nan take ba, har magana yana yi. Baffa ya dawo ke nan daga ƙetare da mota cike, ya tsaya cin abinci. Maƙwabtan da suka ji ihu suka rugo, suka tarar da shi yana wurgo buhunan shinkafa ƙasa shi kaɗai, har na ƙarshe. Aka shimfiɗa tabarma a kan ƙarfen bayan motar, aka kwantar da Baba, Inna ta hau ta riƙe kansa. Hanyar Geza zuwa Bagudo a wancan zamani ramuka ce da kwazazzabai. Ba su kai asibiti da shi ba. A mashigin da ke gaban wata tsamiya rai ya yi halinsa.

Ba a yi sadakar uku ba sai da magana ta zagaye gari. Direbobi suka ce ai da ya bar rabin buhunan ya kwantar da wansa a kansu, da motar ta tafi a hankali kamar kwalekwale. Mai bayan da ya karye, a ce an sa shi a fankon mota mai ƙarin sifirin? Wasu suka ƙara nasu. Suka ce tsoron masu duba kaya a hanya ne ya sa ya sauke, kada a kama masa shinkafa a ƙofar Bagudo. Wato ya tsirar da buhunansa, ya bar ɗan'uwansa ya sha girgiza. Baffa bai ce uffan ba. Shinkafar ma ita aka dafa wa masu zaman makoki, duk da haka aka ce kunya ce ta sa. Ya tura motar bayan gida ƙarƙashin darbejiya, ya cire batir, bai sake tuƙa komai ba, ko keke.

A da, tsakanin Inna da Baffa wasa ne irin na matar wa da ƙanin miji. Tana kiransa "ƙaramin miji mai warin fetur", yana ɓoye mata ludayi in tana rabon tuwo. Bayan ta fita takaba wasan ya mutu. Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga masa murya ba, da ma hakan ta yi da ya fi sauƙi. Girmama shi ta shiga yi. In ya shigo sai ta gyara lulluɓi ta rusuna, ta ce, "Malam, an kwana lahiya?" Ya amsa, ta ce, "Madalla," ta shige ɗaki. Shekara ashirin da bakwai, gida ɗaya, katanga ɗaya ta raba sassansu. Na sha ganin Baffa ya tsaya a tsakar gida bayan ta shige, hannunsa riƙe da hula, kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi.

Shi ya noma gonar Baba har ƙannena suka girma, kuma ko dami ɗaya bai taɓa kaiwa sashensa ba. Rumbun nan da Baba ya faɗo, duk shekara Baffa ke hawa ya gyara jinkarsa. Ranar da ƙanena ya jingina tsani zai hau, Baffa ya zabga masa mari, shi da ban taɓa ganin ya daki ko akuya ba. Sannan ya zauna a kan turmi. Allah bai ba shi haihuwa ba, matarsa kuma ta riga shi rasuwa da shekara tara. Mutum ne marar yawan magana, mai son shayi ba sukari, mai tsananin ƙin a taɓa masa sifana. In ka kawo masa inji ka fara bayanin abin da ke damunsa, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Yi shiru, bari shi hwaɗi da bakinai." Ya tayar da injin, ya karkata kai, ya saurara.

Ni dai na ci tuwonsa, na yi karatu da guminsa, amma ban so shi ba. Gaskiya ke nan. Na yarda da abin da gari ya faɗa, kuma shirun Inna ya ƙara tabbatar mini.

Shekara huɗu da suka wuce, wata Asabar da hantsi, ya aiko a kira ni. Na tarar ya sare ciyawar da ta cinye motar. Tayu sun narke cikin ƙasa, kaji sun mai da kujerar gaba akurki, gara ta ci katakon bayan, tsatsa ta huda ƙasan ƙofofi. Ya ce, "Hedimasta, idona ya fara hazo. Ina son ka ara mani naka." Na ce me zai yi da wannan gawa? Masu gwangwan ma sai sun yi shawara kafin su ɗauka. Ya ce, "Ni na ɓata ta. In mai da ta yadda wana ya san ta, in roƙi uwarka ta shiga sau guda. In ta shiga ta hita, ƙila bakinta shi buɗe." Na yi tsaki a zuciyata. Amma wa zai ce wa ƙanin ubansa a'a? Na zama mai riƙe masa jak duk Asabar da Lahadi, ni da tumbina da hawan jinina.

Inji bai ba mu wahala ba. Wani tsohon abokinsa bakanike ya zo daga Bagudo, suka sauke shi suka wanke, cikin wata biyu ya yi tari ya tashi. Sifirin ne ya ci mana rai. Kusoshin da ke riƙe da shi sun haɗe da tsatsa, muka yi mako uku muna jiƙa su da baƙin mai muna bugu. Da muka ɓalle su, Baffa ya jera fallayen a ƙasa, ya riƙa shafa kowanne da yatsa yana ware na asali da na ƙari. Ido bai gani sosai, amma hannu bai manta ba. Na ƙarin ya tattara su da kansa ya kai wa maƙeri, ya ce a yi fartanya da su, ba ya son ya sake ganinsu.

Muka mayar da na asali, muka sauke jak. Motar ta karkace hagu kamar mai ciwon kwankwaso. Fallayen gefen direba sun gaji, sun miƙe, babu sauran lanƙwasa a jikinsu. Muka sake kwancewa. Maƙeri ya dake su a kan maƙera da sanyinsu, don Baffa ya hana a sa su a wuta, ya ce wuta na kashe ƙarfe. Muka ɗaura, ta karkace dama. Wayyo ni! Sau biyar muna wannan aiki. Shokazoba kuwa babu irin nata a duk Kebbi, sai da na hau babur na ƙetara har Kandi, ina yawo a rumfunan 'yan gwangwan da tsohon a hannuna, ina gwada Faransancin da ban iya ba. Bushin kuwa, robobin da ke bakin sifirin, da muka rasa sai Baffa ya yanka su daga tsohuwar tayar tirela.

Yana da hanyar gwajinsa. Sai ya cika kwanon sha da ruwa har baki, ya ajiye a tsakiyar bayan motar, ya zauna kusa da shi, ni in ja mu zagaya ta hanyar fadama. In mun tsaya ya sa yatsa ya auna abin da ya zube. "Bai yi ba," zai ce. "Kwance." A gwaji na shida ne na fashe. Rana ta take, sifana ta kuɓuce ta fasa mini babban yatsa, jini na zuba, shi kuma yana cewa a kwance. Na jefar da sifana na ce, "Baffa, ruwan kwano kake tausayi yanzu? Ranar da ubana ke kwance a nan ai buhunanka ka tausaya wa, kuma sun tsira!"

Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya sauko a hankali, ya ɗauki sifanar ya goge ta da gefen rigarsa. Ya yago ƙyalle ya ɗaure mini yatsa. Sannan ya ce, "Tahi gida ka huta. Asabar in Allah Ya kai mu." Na yi wata guda ban je ba. Da na koma, ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai tayar da zancen ba. Na tarar ya kwance gefen dama shi kaɗai, yana lalube.

Fenti shi ne wahala ta biyu. A shekarun iyaka an sake wa motar kala har sau uku, don kada a saba da ganinta a hanya. Da muka bi ta da sanfefa sai ga fari, ƙarƙashinsa kore, ƙarƙashinsa wani ruwan ƙasa mai muni. Na asalin rana ta cinye shi tun kafin a rufe shi. Baffa ya tuna akwai wuri ɗaya da rana ba ta taɓa gani ba, cikin murfin akwatin da ke gaban fasinja. Ya kwance murfin, ya naɗe shi a tsumma, muka kai wa wani mai haɗa fenti a Kamba. Shuɗi ne mai haske, amma ba shuɗin sama ba, akwai ɗan toka a cikinsa. Mai fentin ya haɗa, muka shafa a gwangwani, ya yi daidai. Da ya bushe sai ya koma wani abu daban. Ya sake haɗawa, aka samu wanda ya dace a inuwa, a rana kuma ya yi kore-kore.

Baffa ba ya duba kala sai da hantsi, a inuwar darbejiya, kuma sai fentin ya kwana biyu. Amma idon nasa ya riga ya tafi, komai fari-fari yake gani. Sai ya ɗora murfin a jikin ƙofa ya ce, "Duba da kyau, Hedimasta, kak ka yi mani ƙarya." Ni kuwa bayan gwangwani na tara duk shuɗin duniya ɗaya ya zame mini. Na ce masa ya yi. Muka fesa ƙofar hagu gaba ɗaya.

Washegari muna tsaye muna kallonta, Inna ta zo wucewa da ƙwaryar dusa za ta ba tumaki. Shekara uku tana wuce mu ba ta ko waiwaya. Ran nan ta tsaya. Ta dubi ƙofar ta daɗe, sannan ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, "Ba shi na ba. Wanga ya yi duhu. Nashi kamar ruwan bula na, in an ɗauraye farar riga karo na biyu." Ta wuce.

Na juya na ga Baffa ya dafa motar da hannu biyu. Leɓensa na motsi. Tun rasuwar Baba, wannan ce magana ta farko da ta yi a gabansa wadda ba gaisuwa ba. Ya ce, "Ka ji? Ka ji ta?" Ran nan ya sa matata ta jiƙa bula ta ɗauraye farar riga sau biyu, ya zuba ruwan a kwalba, muka ɗauka har Kamba. Mai fenti ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya ƙara fari da ɗigon baƙi, kuma sai ga shi ya fito. Muka kankare ƙofar muka sake. Baffa ya yi wata guda yana walwala, har waƙar direbobi na ji yana yi ƙasa-ƙasa. Ya ɗauka ƙofar zuciyar Inna ta buɗe. Inna kuwa ta koma "Malam, an kwana lahiya?" kamar ba ita ta yi magana ba.

Motar ta kammala da damina ta bana. Ta zauna daidai, ruwan kwano ya daina zuba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Baffa ya sa rigarsa ta Juma'a ya je sashen Inna da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mota ta tashi, in tana so a kai ta ta gaida danginta. Daga ciki ta ce, "An gode, Malam. Ƙafafuna ba su son tahiya." Ya dawo ya rufe motar da tamfol. Bayan mako uku numfashi ya fara yi masa wuya, ƙafafu suka kumbura. Likita ya ce zuciya ce, a kai shi gida a kula da shi.

Sau uku yana aike na wurinta. Na farko ya ce, "Ce mata ƙanen mijinta na roƙon gahwara." Ta ce, "Allah Shi yafe muna baki ɗaya." Na kawo masa, ya girgiza kai ya ce, "Wagga addu'a ta, ba amsa ta ba. Koma." Na koma, ta maimaita. A karo na uku na yi abin da ɗan fari ba ya yi, na ɗaga wa uwata murya. Na ce mutum na mutuwa, kalma biyu ce, me za ta rage ta da shi? Ta juya mini baya ta fuskanci bango. Na koma na tarar yana kallon ƙofa. Bai tambaye ni ba, fuskata ta gaya masa. Ya ce, "Ƙyale ta. Ni na san mota, ita ba ta sani ba." Ban fahimci abin da yake nufi ba, na ɗauka zafin ciwo ne. Ya cika ranar Laraba bayan la'asar, da kalmar shahada a bakinsa.

Kwana goma bayan rasuwar, baƙi sun watse, ina zaune a zaure da safe, sai ga Inna da tabarma a hammata. Ba ta kiran sunana, ni ne na fari. Ta ce, "Kai, tashi ka tada motar nan." Na buɗe mata gaba, ta ce a'a. Da taimakon matata ta hau baya, ta shimfiɗa tabarmar a kan ƙarfe ta kwanta rigingine, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya. Ta ce in bi tsohuwar hanyar Bagudo, kada in kauce wa rami ko ɗaya.

Na bi. Damina ta ƙara lalata hanyar, amma motar ta riƙa shiga rami tana fita a hankali, ba ƙara, ba tsalle. Muna isa mashigin tsamiya na ji tana buga ƙarfe da tafin hannu. Na tsaya na zagayo. Ta tashi zaune, lulluɓinta ya zame, ba ta gyara ba.

"Ko kaɗan ban ji ba," ta ce. "Ran nan kuwa kan ubanka tsalle yake a cinyata, ina danne shi yana kuɓucewa."

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Baffanka bai so sauke buhunan ba. Ya ce a bar rabi, a shimfiɗa tabarma a kai. Na ce mijina ba kaya ba ne da za a ɗora shi kan shinkafa. Ya ce, Yaya, motar za ta yi tsalle. Na kama rigarsa na ce in bai sauke ba ban yafe mai ba duniya da lahira. Ni na ce a sauke. Kafin mutane su iso, daga ni sai shi."

Na dafa taya na tsuguna. Na ce, "Inna, shekara ashirin da bakwai?"

"Ina cikin takaba anka fara zancen, ban ji ba sai da ya gama gari. Na ce gobe in faɗa. Gobe ta yi na ce jibi. In na ga fuskarsa sai kunya ta shaƙe ni, in rusuna in gudu. Ku kuka ɗauka fushi ne." Ta share fuska da bakin zane. "Ya aiko ka in ce na yafe. In yafe mi? In na ce na yafe, na sa hannu ke nan a kan ƙaryar da anka yi mai. In na ce shi ya yafe mani, sai na faɗi dalili. Na zaɓi bango."

Na so in yi mata faɗa, na so in yi kuka, na rasa wanda zan fara. Ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba, ta ce, "Kai da ka yi shekara huɗu ƙarƙashin mota da shi, bai taɓa gaya maka ba?" Na ce bai taɓa ba. Na gaya mata abin da na faɗa masa ranar da na jefar da sifana, da yadda ya ɗaure mini yatsa. Ta rufe fuska da hannu biyu. Can ta ce, "Kana ganin ya yafe mani?" Na ce, "Ban sani ba, Inna. Bai taɓa nuna mini akwai abin yafewa ba."

Mun daɗe a wurin, masu babura na wucewa suna kallonmu. Da za mu juya ta ce, "Kai mai boko ne. Rubuta, a karanta a inda anka faɗi waccan magana. Ka ce ni ce."

Na rubuta. Allah Ya haskaka kabarin Baffa, Ya sada shi da wansa cikin rahama, Ya sassauta wa Inna abin da take ɗauke da shi. Baffa bai sauke buhunan nan don ya tsira da su ba. Duk wanda ya taɓa faɗin haka, har da ni, ya san inda kabarinsa yake.